Hoton Jini Muke Turawa, Hoton Jira Fa?

A cunkoson motocin yamma na gan shi, manne a bayan wata A-daidaita-sahu da ta tsaya dab da mu: zanen wani ɗan yaro ya ba mu ƙeya, gashinsa 'yan tsiraru a tsaitsaye, ƙafa ba takalmi, riga duk faci, hannuwa biyu harɗe a baya. Da tsayuwar ta yi tsawo sai na leƙa na ce wa mai keken, "Malam, wane yaro ne wannan ka liƙa?" Ya waiwayo ya yi dariya. "Wallahi Alhaji, sitika ce kawai. Na Falasɗinu ne dai, tare da tutar aka sayar mini." Abokin tafiyata, wanda wayarsa ke cike maƙil da bidiyon Gaza, ya ja tsaki. "Ana kashe bayin Allah, su kuma suna zaune suna zane-zane. Katun zai tare bam ne?"

Wannan magana ba tasa ba ce shi kaɗai. Ana yin ta a majalisa, ana yin ta a Facebook, kuma daga zuciya mai ciwo take fitowa. Mu Hausawa ba mu yi wa Falasɗinawa rowar tausayi ba: ana alƙunutu, ana tara gudummawa, Nijeriya da Nijar duka sun amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988. Amma akwai wata ɗabi'a tamu da ke damuna. Ba mu ganin Bafalasɗine sai ranar da yake cikin jini. In an tsagaita wuta sai mu sauke ajiyar zuciya, mu koma kan farashin shinkafa, kamar an sallami kowa ya koma gida. Alhali babu gidan. Abin da ke cinye rayuwar mafi yawansu, shekara da shekaru, shi ne zaman jira, kuma masu zane, 'yan fim da marubutansu ne suka tsaya tsayin daka wajen ajiye shaidar wannan jiran.

1. Abin da kyamarar labarai ba ta tsayawa ɗauka

A 1948 aka raba Falasɗinawa sama da 700,000 da gidajensu, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. A Disambar shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 194, wanda ya ce a bar masu son komawa su koma. A 1949 ta kafa hukumar UNRWA don ta kula da su kafin a warware matsalar, wato aikin wucin gadi. Yau mutanen da ke cikin rajistar hukumar sun doshi miliyan 6, akwai sansani 58 a Jodan, Labanan, Siriya, Gaza da Yammacin Kogin Jodan. Tanti ya koma ɗakin bulo da kwano, ɗakin ya samu bene, an haifi jika a ɗakin da kaka ya ce sati biyu zai yi.

Ga matsalar. Ɗan jarida na iya ɗaukar hoton bene yana rushewa, duniya ta girgiza. To yaya zai ɗauki hoton shekara saba'in? Wane edita ne zai sa labarin likitan da aka haifa a sansanin Ainul Hilwa, kusa da Saida a Labanan, wanda doka ta hana shi shiga sana'o'i da dama, kuma tun 2001 ta hana shi mallakar gida a ƙasar da aka binne cibiyarsa? Ko na mutumin Gabashin Ƙudus da takardarsa ta zama ɗan ƙasa ba ta wanzu, sai ta "mazauni", irin wadda Isra'ila ta soke wa mutum fiye da 14,000 tun 1967? Babu gawa a labarin, saboda haka ba labari ba ne.

Isma'il Shammut na cikin waɗanda suka fara cike wannan giɓi. Yana ɗan shekara 18 aka kore su daga garin Lidda a Yulin 1948, a ƙafa, cikin zafi da ƙishirwa, suka ƙare a sansanin Khan Yunus. A 1953 ya yi zanen da ya sa wa suna Ila Aina, wato "zuwa ina?" Wani uba ne, yaro ɗaya a kafaɗa, ɗaya riƙe a hannu, na uku yana biye a baya, can nesa ga garin da hasumiyar masallacinsa. Babu soja a zanen, babu bindiga. Mutumin ya riga ya baro gida, bai isa ko'ina ba.

Yaron da ke bayan keken nan kuwa sunansa Hanzala. Naji al-Ali ne ya ƙirƙiro shi a 1969 a wata jaridar Kuwait. Shi ma Najin yana da kimanin shekara goma aka fitar da su daga ƙauyen Shajara zuwa Ainul Hilwa, sai ya tsayar da shekarun yaron a goma, ya ce ba zai girma ba sai ya koma gida. Daga 1973 ya juya masa baya, ya harɗe masa hannu, alamar ƙin duk wani sulhun da aka dafa a wani wuri aka kawo masa. Yaron bai raga wa kowa ba: Isra'ila, Amurka, sarakunan Larabawa, har shugabannin Falasɗinawa su kansu. A Yulin 1987 aka harbi Naji a titin Landan, ya cika a watan Agusta. Wanda ya ce katun ba ya yin komai, sai ya gaya mana dalilin da ya sa wani ya ɗauki bindiga ya bi mai katun har Ingila.

2. 'Yan mintuna a cikin tankar ruwa

In za a ce in zaɓi aiki ɗaya da ya fi fayyace yadda jira ke kisa, zan ɗauki ƙaramin littafin Gassan Kanafani na 1963, Rijalun fis Shams, maza a cikin rana. Mutum uku ne: Abu Ƙais dattijo, As'ad saurayi, da Marwan ɗan yaro. Dukansu 'yan gudun hijira ne, sun taru a Basra suna neman hanyar shiga Kuwait ci-rani, ba su da takardu. Wani direban tankar ruwa, shi ma Bafalasɗine, ya ce zai tsallakar da su. Dabarar ita ce in an kusa kan iyaka su shiga cikin tankar da babu ruwa, ya rufe murfi, ya je ya sa hannu a takardu cikin 'yan mintuna, in ya wuce ya buɗe musu. Tsakar rana ce, cikin watan Agusta, a sahara.

A shingen Iraƙi dabarar ta yi, sun fito jiƙe da gumi amma da rai. A shingen Kuwait ne ma'aikatan, suna zaune cikin sanyin na'ura, suka riƙe direban da zolaya a kan wata 'yar rawa da suka ji labarin yana nema a Basra. Yana roƙon a sa masa hannu, suna ƙyaƙyata dariya. Kafin ya koma ya buɗe murfi, ƙarfe ya gasa su.

A duba da kyau. Babu wanda ya yi niyyar kashe su. Babu harsashi. Ma'aikaci ne kawai bai ga dalilin gaggawa ba, don lokacin wanda ba shi da takarda ba shi da kuɗi a wurinsa. Littafin ya ƙare direban yana tuhumar mamatan don me ba su buga jikin tankar ba, kuma Falasɗinawa sun daɗe suna gardama a kan wannan tuhuma, domin Kanafani mutanensa yake zungura. Da Taufiƙ Saleh, ɗan Masar, ya mayar da labarin fim a 1972, sai ya sauya wurin: mutanen sun buga, sun yi ta bugawa, ba wanda ya ji. Ni dai ina ganin gaskiyar ta fi kusa da fim ɗin. A shekarar ce kuma aka kashe Kanafani da bam a motarsa a Bairut, tare da 'yar 'yar'uwarsa.

3. Takarda

Mu da muke da fasfo, ko da kore ne da ake wa kallon hadarin kaji a filayen jirgin sama, ba mu cika sanin darajarsa ba. Akwai dai ƙasar da dole ta karɓe ka in kowa ya ƙi ka. Bafalasɗine kuwa takardarsa ce ke yanke masa inda zai taka: ta Gaza daban, ta Yammacin Kogin Jodan daban, ta Ƙudus daban, ta ɗan sansanin Labanan daban, kuma 'yan ɗaki ɗaya na iya riƙe iri uku.

Emily Jacir, wadda ke da fasfon Amurka, ta mayar da wannan gata nata aikin fasaha tsakanin 2001 da 2003. Ta tambayi Falasɗinawa kusan talatin, na ciki da na waje, abin da suke so ta yi musu a ko'ina cikin Falasɗinu, tun da ita tana iya zuwa. Na sa ran manyan buƙatu. Ina! Wani ya ce ta je Haifa ta buga ƙwallo da yaron da ta fara haɗuwa da shi. Wani ya ce ta je Gaza ta gaishe da mahaifiyarsa. Wani ya ce ta kai furanni kabarin mahaifiyarsa a Ƙudus ta yi mata addu'a. Wani kuwa kuɗin tarho ya ce ta je gidan waya a Ƙudus ta biya masa, don an hana shi shiga birnin. Ta je ta yi, ta ɗauki hoto, ta rataye kowane hoto kusa da rubutun buƙatar da bayanin irin takardar da ta hana mai buƙatar zuwa da kansa. Wasunsu tazarar da ke tsakaninsu da wurin ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba.

Duk wanda ya taɓa ba mai tafiya Hajji sallahu ya gane wannan aiki tun kafin a yi masa bayani. Bambancin shi ne mai ba da sallahun Makka yana sa ran kujerarsa wata shekara. Wannan kuwa aike yake yi zuwa kabarin uwarsa.

Emily Jacir ce kuma a 2001 ta kafa tantin 'yan gudun hijira a ɗakin aikinta a Amurka, ta rubuta sunayen ƙauyuka 418 da aka share a 1948, mutane sama da ɗari suka riƙa zuwa suna bin sunayen da allura da baƙin zare. Khalid Jarrar, ɗan Jenin, shi hatimi ya sassaƙa a 2011, mai ɗauke da sunan Ƙasar Falasɗinu da hoton wani ɗan tsuntsu, ya riƙa tare baƙi a tashar motar Ramallah yana neman izinin buga musu a fasfo. Hatimin ƙasar da ba ta da iko da ko ƙofa ɗaya ta shigowa cikinta. Wasa ne, amma irin wasan da ke sa mai fasfo ya yi jim, yana lissafin abin da zai faɗa wa jami'in Isra'ila ranar fita.

Wanda ya fi ba ni dariya mai ɗaci shi ne na Khalid Hurani. Ya nemi aron zanen Picasso guda ɗaya, na 1943, daga wani gidan adana zane-zane a Eindhoven ta ƙasar Holan, don ɗalibansa na Ramallah su gani da idonsu. Tsakanin ƙasa da ƙasa wannan aiki ne da aka saba yi. Nan sai da aka shafe shekara biyu. Kamfanin inshora na tambayar wace ƙasa za a rubuta, kwastan na tambayar wa zai sa hannun karɓa, ga shingen Ƙalandiya a hanya. Zanen ya iso a 2011, aka rataye shi 'yan makonni da masu gadi riƙe da bindiga a gefensa. Amma kowa ya gane cewa tarin takardun nan na shekara biyu su ne ainihin abin da Hurani ya so a gani.

Af, ga masu ƙyamar zanen abu mai rai saboda addini, wannan fage ne na malamai, ba zan tsoma baki ba. Sai dai su lura: tanti, hatimi, takardun kwastan. Da yawa daga wannan fasaha ko fuska babu a ciki.

4. Haƙuri daban, jira daban

In muka ga wahalarsu sai mu ce Allah Ya ba su haƙuri, mahaƙurci mawadaci, mai haƙuri yakan dafa dutse. Addu'a ce mai kyau. Amma haƙuri abu ne da mutum ke yi da zuciyarsa. Jiran da ake magana a nan wani ne ke ɗora maka shi, shi ke riƙe da agogon, kuma ya san abin da yake yi. Wanda ya kashe safiyarsa a layin shinge, ranarsa a layin neman izini, yammarsa a layin komawa, yaushe zai yi noma, ya yi karatu, balle ya yi taron neman 'yanci?

Rashid Masharawi, wanda ya tashi a sansanin Shati na Gaza, ya yi fim a 2005 mai suna Intizar. Wani darakta ne aka roƙa ya zagaya sansanonin Jodan, Siriya da Labanan ya zaɓo 'yan wasa don gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ake ginawa a Gaza. Duk wanda ya zo gwaji sai ya ce masa abu ɗaya: kwaikwayi jira. Mutanen suka rasa gane masa. Me za su kwaikwaya a abin da suke yi tun haihuwa? Wasu ma ba don wasan suka zo ba, sun ga kyamara ne, suna so su aika gaisuwa ga dangin da aka raba su.

Taisir Batniji, haifaffen Gaza mazaunin Faransa, a 2004 ya ɗauki hotuna a ɓoye a hanyar Alƙahira zuwa mashigar Rafah, inda aka hana ɗaukar hoto. Ba komai a ciki sai mutane zaune kan akwatuna, wasu kwance, wasu sun zuba tagumi. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, da baƙin allo a tsakani, har mai kallo ya fara gundura, kuma gundurar ce saƙon. A 2006 ya ɗauki agogon yashi, irin na gilashi mai ciki biyu da yashi ke zuba daga sama zuwa ƙasa, ya kwantar da shi a gicciye. Yashin ba ya gaba ba ya baya. Daga baya, da hanyar gida ta toshe masa, ya sa aka yi masa kwafin makullansa na Gaza da gilashi. Kowa ya san tsofaffin 1948 da makullan ƙarfensu da suke bar wa jikoki gado. Nasa in ka zura a ƙofa ka murɗa, karyewa zai yi.

Iliya Sulaiman, ɗan Nazarat, dariya ya mayar da abin. A fim ɗinsa na 2002, Yadun Ilahiyya, wanda ya ci kyauta a bikin Cannes, saurayi yana Ƙudus, budurwa tana Ramallah, ba inda za su haɗu sai filin ajiye motoci na shingen sojoji. Nan suke zama cikin mota, ba magana, suna kallon sojoji na wulaƙanta direbobi. Muna Hatum kuwa, wadda ta je Landan ziyara a 1975 yaƙin Labanan ya rufe mata hanyar komawa, a 1996 ta shimfiɗa sabulun man zaitun na Nablus sama da dubu biyu a ƙasa, ta danna jajayen tsakiya a jikinsu, ta fitar da taswirar 'yan tsibiran ƙasar da yarjejeniyar Oslo ta bar wa Falasɗinawa. An ce tsarin na shekara biyar ne kafin a kai ga na dindindin. An sa hannu a 1993. Jiran gawon shanu ke nan, da tambarin manyan ƙasashe a kai.

5. Inda masu suka ke da ƙamshin gaskiya

Ba zan ce tsakin abokin tafiyata ba shi da tushe ba. Yawancin ayyukan da na lissafa a Turai da Amurka ake baje su, cikin ɗakuna masu sanyi, gaban mutanen da gwamnatocinsu ke sayar da makaman. Matar da ke Ainul Hilwa ba za ta samu bizar zuwa kallon hoton jiranta ba. Akwai kuma kasuwa, mai son Bafalasɗine mai ban tausayi, ba mai ɗaga murya ba. A 2011 kamfanin tufafi na Lacoste ya sa aka cire Larissa Sansur daga jerin masu takarar wata kyauta da yake ɗaukar nauyi a Suwizalan. Laifinta wani aiki ne da ta ƙaga ƙasar Falasɗinu baki ɗaya cikin dogon bene guda, kowane birni hawa ɗaya, ba shinge sai na'urar hawa bene. Gidan hotunan da ke shirya gasar ya ga abin kunyar ya yi yawa, ya dakatar da ita gaba ɗaya.

Kuma gaskiya ne zane ba ya tare bam, ba ya buɗe iyaka. Fathi Gaban na sansanin Jabaliya, wanda Isra'ila ta ɗaure a 1984 saboda ya yi zane da launukan tutar Falasɗinu, ya rasu a Fabrairun 2024 yana roƙon a bar shi ya fita Gaza neman maganin ciwon ƙirji. Izinin bai zo ba. Hiba Zaƙƙut, mai zanen gidajen Ƙudus da itatuwan lemo, harin sama ne ya kashe ta a Oktoban 2023.

Amma duk da haka, su da abin ya shafa ba su ajiye ba. Ana tsakiyar ruwan wuta a Gaza, Masharawi ya tattara gajerun finafinai 22 da 'yan Gaza suka ɗauka da kansu a 2024, cikin tantuna da layin ruwa da layin burodi. Lokacin boren Intifada na farko, daga 1987, da aka ƙaurace wa kayan Isra'ila, mai zane Sulaiman Mansur da abokansa ba su ce babu fenti sai a haƙura ba, suka koma laka, lalle da gahawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In wanda ke ƙarƙashin bam ya ga ya dace ya ɗauki kyamara, ni da ke kallo ta waya ba ni da hurumin ce masa ɓata lokaci yake yi. Hujjar masu mamaya tun farko ita ce babu wata al'umma a wurin, akwai dai 'yan gudun hijira da za a ciyar har su narke cikin maƙwabta. Buhun fulawa ba ya ƙaryata wannan hujja. Sunan ƙauye da aka ɗinka da zare yana ƙaryata ta.

6. Na ƙofar gida

Akwai wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye, ko da yake ba na cewa lamarin iri ɗaya ne. Sansanin Minawao a arewacin Kamaru an buɗe shi a 2013 don 'yan Nijeriyar da rikicin Boko Haram ya koro. Yaron da aka haifa a can a shekarar farko ya kai shekarun shiga sakandare. Akwai irinsa a Diffa, akwai mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina da suka tsallaka yankin Maraɗi tun 2019. Kyamara takan je musu sau biyu: ranar hari, da ranar da wani babba ya zo rabon shinkafa. Fati Abubakar ta Maiduguri ta nuna ana iya yin wani abu daban, da hotunanta na rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da marubuta littattafai birjik, muna da 'yan fim da ke fitar da shiri duk mako, mafi yawa a falon attajirai. Kwanakin da ke tsakanin harin da shinkafar, waɗanda su ne kusan dukan rayuwar yaron nan, ba editan labarai ne zai tura a ɗauko su ba.